Kujerar da Ba Ta Dace da Kowa Ba: Darasi kan Daidaita Aiki da Ma'aikaci

Gabatarwa

Idan ma'aikaci ya yi kuskure a bakin aiki, ko ya ji rauni, ko ya kwanta ciwon baya, abin da aka saba yi shi ne a dubi shi ma'aikacin. Sai a ce ya yi sakaci, ko bai ƙware ba, ko kuwa dai rago ne. Wani lokaci hakan gaskiya ne. Amma akwai wani reshe na kimiyya da ke cewa a dakata tukuna. Idan mutane da yawa, masu hankali kuma horarru, suna ta maimaita kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, to, kafin a ɗora musu laifi sai a binciki wurin da kayan aikin. Sunan wannan fanni egonomiks, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar aiki da ƙa'ida, kuma wani masani ɗan ƙasar Folan ne ya fara amfani da kalmar a 1857. Da Hausa ana iya kiran sa ilimin daidaita aiki da ma'aikaci. Wannan darasi zai bi diddigin yadda fannin ya samu gindin zama, da hujjojin da ya dogara a kansu, sannan ya kawo wani gwaji da za a iya yi a cikin aji.

Likitan da ya ƙara tambaya ɗaya

Tun a shekarar 1700 wani likita ɗan Italiya mai suna Bernardino Ramazzini ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'o'i. Ya shiga wuraren aikin maƙera da masu tukwane da masu yashe shadda, ya ga yadda suke aiki da idonsa. Ya shawarci likitoci su ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda suka gada daga magabata, wato su riƙa tambayar majiyyaci sana'ar da yake yi. Ya lura cewa ban da ƙura da hayaƙi da guba, shi kansa yanayin da jiki ke kasancewa a ciki yana jawo cuta: tsayuwa ba zama, zama ba tashi, sunkuyo, da maimaita motsi guda dare da rana. Har magatakarda bai bar su ba, domin ya ga yawan zama da yawan jan alƙalami suna kashe musu hannu.

Shekaru kusan ɗari biyu bayan haka, wani injiniya Ba'amurke, Frederick Taylor, ya shigo da ma'auni da agogo cikin lamarin. A kamfanin ƙarfe na Bethlehem, inda ya yi aiki daga 1898 zuwa 1901, ya tarar kowane lebura da shebur ɗinsa guda yake ɗibar komai, ko tama mai nauyi ko kwal marar nauyi. Ya yi ta gwaji har ya gano cewa lebura ya fi yin aiki mai yawa a yini idan abin da shebur ke ɗauka ya kai kimanin kilo tara da rabi. Sai aka ƙera shebur iri-iri, ƙarami domin tama, babba domin kwal da toka. Bisa ga rahoton da shi kansa ya bayar, abin da mutum guda ke kwashewa a yini ya tashi daga tan 16 zuwa tan 59, leburori kuma suka ragu daga tsakanin 400 da 600 zuwa kimanin 140.

A nan akwai abin lura. Aikin kowane lebura ya ninka kusan sau huɗu, amma ladansa daga dala 1.15 ya koma dala 1.88 kawai a yini, saura kuwa aka sallame su daga wannan aiki. Taylor ya gyara shebur, ba shakka, amma ba lafiyar mai shebur ce ta dame shi ba. Tsarinsa shi ne a zaɓo mutumin da ya dace da aiki, wanda bai dace ba a kawo wani. Sai da yaƙi ya zo aka juya tambayar.

Jiragen da suka riƙa durƙushewa a ƙasa

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar sojan saman Amurka ta yi fama da wani hatsari mai ban takaici. Matuƙin jirgin yaƙi samfurin B-17 zai je ya tsallake wutar abokan gaba, ya dawo gida, ya sauka lafiya, jirgi yana gangarawa a kan titinsa, sai kawai tayoyin su naɗe su koma ciki, jirgi ya kife da cikinsa a ƙasa. Idan aka bincika ba a samun wata ɓarna a inji. Saboda haka sai a rubuta a rahoto cewa kuskuren matuƙi ne.

A 1943 aka ba wani matashin hafsa, masanin halayyar ɗan Adam, mai suna Alphonse Chapanis, aikin gano dalili. Yana aiki ne a sansanin bincike na Wright da ke jihar Ohayo. Maimakon ya tsaya ga rahotanni, sai ya shiga ɗakin matuƙi ya duba. A gefen baya na fiffiken jirgi akwai wani leɓe da ake saukewa lokacin sauka domin jirgi ya iya tafiya a hankali ba tare da ya faɗi ba, kuma da zarar an taɓa ƙasa sai matuƙi ya ɗage shi. Chapanis ya ga cewa maɓallin ɗage wannan leɓe da maɓallin naɗe tayoyi kamarsu ɗaya, girmansu ɗaya, kuma suna dab da juna. Matuƙin da ya yi sa'o'i a sama, ga gajiya, ga idonsa a kan titi, zai miƙa hannu da nufin taɓa wannan ya taɓa wancan. Abin da ya ƙara ƙarfafa hujjar shi ne, matuƙan jirgin dakon kaya samfurin C-47, wanda maɓallansa ba su yi kama da juna ba kuma ba sa kusa, ba su da wannan matsala.

Maganin bai ci kuɗi ba. Aka manna wata 'yar ƙaramar taya ta roba a kan maɓallin tayoyi, aka manna wani abu mai siffar leɓen fiffike a kan ɗayan. Hannu kaɗai ya isa ya bambance su ko da a cikin duhu. Wannan irin hatsari ya kau, alhali matuƙan nan su ne dai na jiya, ba a canja su ba, ba a kuma ƙara musu horo ba. Har yau dokokin ƙera jiragen sama na Amurka sun wajabta cewa mariƙin tayoyi ya kasance da siffar taya.

Bayan yaƙi, a 1947, wasu masana biyu na wannan sansani, Paul Fitts da Richard Jones, suka tattara labaran kurakurai 460 da matuƙa suka yi wajen sarrafa jirgi. Rabin kurakuran nan duk iri ɗaya ne, wato kama wani mariƙi a maimakon wani. Wani dalilin shi ne kowane kamfani da yadda yake jera mariƙan injinsa, ta yadda abin da ke hagu a wannan jirgi yana tsakiya a wancan. Ɗalibin da ya saba da keken da birkinsa na baya ke hannu guda, ya ari wanda aka juya masa, zai fahimci abin da ake nufi. Shekaru biyu bayan haka, a 1949, aka kafa ƙungiyar masanan wannan fanni ta farko a Ingila.

Neman matsakaicin mutum

Kuskure na biyu da aka gano ya fi na farko ɓuya, domin a ido kamar hikima ne. Mai ƙera kujera ko teburi ko inji ba zai iya auna kowane mutum ba. Abin da hankali ke ba shi shi ne ya nemi matsakaicin awo, ya yi aikinsa a kai, da zaton cewa zai dace da mafi yawan jama'a.

A 1950 rundunar sojan saman Amurka ta auna jikin ma'aikatan jiragenta 4,063, aka ɗauki awo fiye da ɗari a jikin kowane mutum. Ɗaya daga cikin masu awon, Laftanar Gilbert Daniels, ya yi wata tambaya mai sauƙi: mutum nawa ne a cikinsu matsakaita? Ya zaɓi awo goma irin waɗanda tela ke buƙata, ya kuma yi sassauci wajen ma'anar matsakaici, inda ya karɓi duk wanda ya faɗo cikin kimanin kashi 30 cikin ɗari na tsakiya. Sakamakon da ya fitar a 1952 ya cancanci a bi shi daki-daki.

Daga cikin mutum 4,063, mutum 1,055 ne ke da matsakaicin tsawo. Daga cikin waɗannan, 302 ne kuma ke da matsakaicin kewayen ƙirji. Da aka ƙara tsawon hannun riga suka koma 143. Tsawon ƙafa ya mai da su 73, kewayen gangar jiki ya bar 28, kwankwaso ya bar 12, wuya ya bar 6, ƙugu ya bar 3, cinya ta bar 2. Da aka zo awo na goma, wato hantsar wando, ba a samu ko mutum ɗaya ba. Kada a manta, waɗannan duk maza ne, sojoji, waɗanda tun farko an tace su kafin a ɗauke su aiki. Ina ga taron jama'a mai haɗe da maza da mata, yara da tsofaffi?

Ɗaliban lissafi za su iya ganin dalili. Da a ce awon nan goma ba su da alaƙa da juna, damar mutum ya faɗo tsakiya a dukkansu ita ce 0.3 a ninka ta da kanta har sau goma, abin da ke ba da kimanin mutum shida a cikin miliyan. Gaskiya ne gaɓoɓin jiki suna da ɗan dangantaka, domin dogon mutum ya fi yiwuwa ya kasance mai dogon hannu, shi ya sa adadin bai riƙa faɗuwa da saurin da lissafin ya nuna ba. Amma dangantakar ba ta da ƙarfin da ake zato. Akwai dogo mai gajeren hannu, akwai gajere mai faffaɗan ƙirji. Kujerar da aka yi wa matsakaicin mutum a kowane awo, an yi ta ne domin wanda ba a haifa ba.

Daga nan masu zane suka koma ga wata dabara. Inda abin da ake so shi ne mutum ya wuce ko ya shiga, kamar ƙofa ko sararin gwiwa a ƙarƙashin teburi, sai a auna da babban mutum, domin ƙofar da dogo ya wuce gajere ma zai wuce. Inda kuwa ake so hannu ya kai, kamar kanta ko maɓallin tsayar da inji cikin gaggawa, sai a auna da ƙaramin mutum. Inda hali ya yi, sai a ƙera abin yadda za a iya ɗaga shi ko sauke shi, a matso da shi ko a ja shi baya, kuma yawanci ana neman ya wadatar da kashi 90 cikin ɗari na masu amfani da shi, a bar kashi biyar mafi ƙanƙanta da kashi biyar mafi girma a yi musu tanadi na musamman. Kujerar direban mota da ake turawa gaba da baya misali ce da kowa ya sani. Ana komawa ga matsakaicin awo ne kawai idan babu wata hanya, kamar tsayin teburin mai karɓar kuɗi a banki. Haka kuma awon da aka ɗauka a wata ƙasa ba lallai ne ya dace da mutanen wata ba, abin da ya kamata duk mai sayo injuna da kujeru daga waje ya sani.

Abin da baya da kunne ke iya ɗauka

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma babu wata lalura da ta kai shi hana mutane aiki. Ilimin fiziks na sakandare ya isa ya bayyana wani ɓangare na dalilin. Ƙarfin da kaya ke juya gaɓa da shi shi ne nauyinsa a ninka da nisansa daga gaɓar. Tsokokin da ke riƙe gadon baya suna ja ne daga nisan kimanin santimita 5 kacal daga ƙashin baya. Idan mutum ya rungumi kaya mai kilo 10 a nisan santimita 20 daga ƙashin bayansa, tsokokin za su ja da ƙarfin da ya yi daidai da kilo 40. Idan ya miƙa hannu ya ɗauko kayan nan daga nisan santimita 50, sai sun ja da ƙarfin kilo 100, ba a ma lissafa nauyin gangar jikinsa da ya sunkuya ba. Kayan bai ƙara nauyi ba, wurin da aka ajiye shi ne ya bambanta. A 1991 cibiyar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sanya kilo 23 a matsayin iyakar abin da yawancin ma'aikata za su iya ɗagawa, shi ma sai in kayan yana kusa da jiki, ba a ƙasa yake ba, ba a murɗa jiki, kuma ba a yawan maimaitawa. Kowane sharaɗi ya ɓaci, iyakar sai ta sauko. Ke nan ajiye kaya masu nauyi a kan dandamali daidai cinya ya fi yi wa ma'aikaci wa'azin ya riƙa lanƙwasa gwiwa.

Kunne ma yana da iyaka. Cibiyar ta ba da shawarar kada ƙara ta wuce desibel 85 a aikin sa'o'i takwas, kuma duk ƙarin desibel uku yana rage lokacin da rabi: sa'o'i huɗu a 88, sa'o'i biyu a 91. Kurumtar da ƙarar inji ke jawowa ba ta warkewa.

Ikon mutum a kan aikinsa

Ana iya gyara kujera da haske da iska, amma ma'aikaci ya ci gaba da ciwo, domin shi kansa yadda aka tsara aikin yana taɓa lafiya. A 1967 aka fara bin lafiyar ma'aikatan gwamnati maza kimanin 18,000 a birnin Landan. Zaton mutane shi ne manyan jami'ai, masu ɗauke da nauyin yanke shawara, su ne ciwon zuciya zai fi kamawa. Sai aka samu akasin haka. Cikin shekaru goma, yawan mace-mace a tsakanin masinjoji da masu gadin ƙofa ya ninka na manyan jami'ai kusan sau uku, kuma kowane mataki ya fi na ƙasa da shi lafiya. Shan taba da hawan jini da makamantansu sun bayyana wani kaso ne kawai na bambancin. A 1985 Farfesa Michael Marmot ya jagoranci zagaye na biyu da ma'aikata 10,308, maza da mata, inda aka ga cewa waɗanda ba su da ta cewa a kan yadda za su yi aikinsu, da lokacin da za su yi shi, sun fi kamuwa da ciwon zuciya. Wannan ya yi daidai da ra'ayin da Robert Karasek ya gabatar a 1979, cewa aiki mafi cutarwa shi ne mai yawan matsi da ƙarancin iko. Tsawon lokacin aiki ma yana da nasa: Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa a 2016 mutum 745,000 suka mutu da ciwon zuciya ko shanyewar jiki sakamakon aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako.

Kamfanin motoci na Volvo ya gwada aiki da irin wannan tunani a ƙasar Suwidin. A masana'antarsa ta Kalmar da aka buɗe a 1974, an raba ma'aikata rukuni-rukuni, kowane rukuni yana tsara aikinsa, kuma akwai amalanken da ke kishingiɗar da mota a gefenta domin kada ma'aikaci ya wuni hannuwansa a sama yana ɗaure ƙusoshin ƙarƙashinta. A masana'antar Uddevalla ta 1989 kuwa, ƙaramin rukuni ne ke harhaɗa mota tun daga farko har ƙarshe. Da kasuwar motoci ta faɗi, aka rufe Uddevalla a 1993, Kalmar kuma a 1994, masana kuwa suka daɗe suna gardama a kan ko tsarin ne ya gaza ko kasuwa ce ta ci su. Abin da wannan ke nunawa shi ne manna tayar roba a kan maɓalli ya fi sauƙin karɓuwa a kan miƙa wa ma'aikaci iko, domin na farko ba ya rage wa kowa mulki.

Gwaji a cikin aji

Aji shi ne wurin aikin ɗalibi, inda yake zama sa'o'i biyar ko shida a yini, sau da yawa a kan benci mai awo guda tun daga aji ɗaya har aji shida. Malamin kimiyya ko na lissafi zai iya maimaita binciken Daniels da tef ɗin tela kawai. A auna abu huɗu a jikin kowane ɗalibi, maza su auna maza, mata su auna mata: tsawo, tsawon hannu daga kafaɗa zuwa yatsa, kewayen kai, da tsayin ƙafa daga ƙasa zuwa lanƙwasar bayan gwiwa idan an zauna. A kowane awo a jera sakamakon daga ƙarami zuwa babba, a ware kashi ɗaya cikin uku na tsakiya. Sai matsakaita a tsawo su miƙe tsaye, wanda ba matsakaici ba ne a awo na biyu ya zauna, a ci gaba da haka har awo na huɗu, ana rubuta adadin da ya rage a allo. Kafin a fara, yana da kyau ɗalibai su rubuta hasashensu domin a gwada da abin da zai fito.

Awo na huɗu yana da wani amfani. Tsayin kujera ya kamata ya yi ƙasa kaɗan da lanƙwasar bayan gwiwa, yadda tafin ƙafa zai zauna daram a ƙasa ba tare da bakin kujera ya danne cinya ba. Saman teburi kuma ya zo daidai gwiwar hannu ko sama da ita kaɗan idan an zauna an saki kafaɗa. A auna bencin ajin da teburinsa, a ƙirga ɗaliban da ƙafarsu ke reto da waɗanda gwiwarsu ke tokarar teburi. Wanda kujera ta yi wa tsawo ana iya sa masa katako ko bulo a ƙarƙashin ƙafa nan take. Alƙaluman kuma a miƙa su ga shugaban makaranta, domin idan lokacin kiran kafinta ya yi a ba shi awo biyu ko uku maimakon ɗaya.